Bokitin da Ba a Sa wa Sabulu

A ƙauyen Ha Ramatla babu yarinyar da ta kai Pulane tsabta. Babu kuma wadda ta kai ta mita. Shekararta goma sha ɗaya, tana aji shida, amma in ta fara faɗa a kan ƙazanta sai ka rantse wata tsohuwa ce.

Ba daga sama ta samo halin ba. Mahaifiyarta tana aiki a masaƙa can Maseru, babban birni, don haka a hannun kakarta ta tashi. Ita kuwa Kaka Mamosa ko cokali ta ɗauka sai ta ɗaga shi a rana ta duba. Kullum maganarta ɗaya ce: "In kina son sanin mace, leƙa cikin bokitinta."

Da hunturu ya kama, malamin ajinsu, Malam Mohapi, ya shigo da wani akwatin gilashi. Ya ɗora shi a kan tebur a bayan aji, ya cika shi da ruwa. A ƙasan akwatin akwai wasu ƙananan abubuwa masu ruwan lemo, kamar duwatsun sarƙa, kowanne da ɗigon baƙi biyu.

"Ƙwan kifi ne," in ji Malam. "Sunansa tirawut. Waɗannan ɗigon da kuke gani idanunsu ne. Da can rafinmu cike yake da su, yanzu sai a wuni ba a ga ko ɗaya ba. Ma'aikatan kula da kifi sun ba mu su amana. Za mu rene su, in bazara ta zo mu sake su a rafi."

Yara suka yi ta murna. Pulane ma ta yi murna, amma ta ranar farko kawai.

Washegari Malam ya ɗauke murhun kananzir da suke jin ɗumi da shi, ya kai aji biyar.

"Malam, ina za ka kai mana murhu?" Pulane ta tambaya.

"Kifin nan ba ya son ɗumi. In ruwan ya yi ɗumi, mutuwa zai yi."

"Mu fa, Malam?"

"Ku kuna da barguna."

Haka suka zauna, kowa ya ƙudundune cikin bargonsa ya soke da babban fil, dusar ƙanƙara tana zuba a kan duwatsu. Ta bango suna jiyo 'yan aji biyar suna waƙa cikin ɗumi. Yatsun Pulane suka ƙage har ta kasa riƙe fensir. Abin ya ƙona mata rai ƙwarai.

Ba a nan dokokin suka tsaya ba. Ba a buga tebur, kifi ba ya son hayaniya. Ba a buɗe labulen baya, kifi ba ya son haske. Wanda ya shafa mai a hannu ba ya taɓa ruwan, ko da sanyi ya tsattsaga masa fata. Kowace safiya kuma sai an ba kifin abinci kafin a fara darasi.

"Sarki muka samu a ajin nan," Pulane ta ce wa Tefo, wanda suke zama benci ɗaya. "Saura a ce mu riƙa durƙusa masa."

Tefo yaro ne mai son wasa, hancinsa ba ya rabuwa da majina duk hunturu. Shi dai kifin nan sun shiga ransa. Da suka ƙyanƙyashe, kowanne yana jan ɗan tumbinsa, har sunaye ya raɗa musu, ko da yake duk kamarsu ɗaya.

"Ga Babban Ciki can," ya ce. "Ga Mai Gudu. Waccan da ke turo baki kuwa sunanta Pulane."

"Share hancinka tukuna, sannan ka yi mini magana."

Akwai wani shuɗin bokiti da aka rataye a bayan ƙofa. Na kifin ne su kaɗai. Kowace safiya ɗalibi ɗaya zai hau da shi idon ruwan da ke saman makaranta, ya ciko shi. Sai a rage tsohon ruwan akwatin a zuba sabo. Kowa mako guda yake yi.

Da makon Pulane ya zo, ta sauko da bokitin ta leƙa ciki. Sai ta ja da baya. Gansakuka ta yi kore a gefe, ƙasan kuma ya yi santsi.

"Malam, wannan bokitin ko jaki ba zai sha ruwa a ciki ba."

Malam yana rubutu a allo, bai ko juyo ba. "Ki ɗauraye shi da ruwa kawai. Ban da sabulu. Na sha faɗa muku."

"Amma Malam..."

"Ban da sabulu, Pulane."

Ta fita tana ƙunƙuni. Ta ɗauraye, ta goge da ciyawa, koren nan bai fita duka ba. Duk hanyar dawowa tana magana ita kaɗai. Malam ya san lissafi, ya san taswira, wannan ba ta musu. Amma bokiti? Yaushe namiji ya san bokiti? Kifin da aka hana su murhu dominsa, shi ne za a riƙa ba wa ruwa a cikin wannan ƙazanta?

Ta daure ranar farko. Ta daure ta biyu. A rana ta uku haƙurinta ya ƙare. Da aka tashi, ta ɓoye bokitin a cikin bargonta ta tafi da shi gida.

A bayan ɗaki ta zauna. Ta zuba garin sabulu tafin hannu guda, ta sa soso, ta dirje ciki da waje. Ta ɗauraye, ta sake ɗaurayewa. Bokitin ya fito fes, yana ƙamshi.

Kaka Mamosa ta zo wucewa da itace, ta tsaya ta ɗaga shi a rana.

"Na wa ne?"

"Na makaranta, Kaka."

"Yawwa. Yanzu ya zama bokiti. Ki nuna musu daga gidan da kika fito."

Pulane ta ji daɗi har cikin ranta.

Da safe ta riga kowa zuwa idon ruwa. Da ta tara bokitin, 'yar kumfa ta taso a sama. Ta hure ta da baki, ta ɓace. Ta kai aji ta zuba wa kifin, ta rataye bokitin a inda kowa zai gani. Sannan ta zauna tana jiran yabo.

Ana cikin darasin lissafi Tefo ya waiga baya, kamar yadda ya saba.

"Malam, kifin nan ba lafiya."

"Tefo, juyo ka kalli allo."

"Da gaske nake, Malam. Babban Ciki ya kwanta a gefe."

Malam ya ajiye alli ya nufi bayan aji. Yara suka bi shi. 'Ya'yan kifin duk sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Waɗansu suna juyawa kamar masu jiri. Waɗansu sun riga sun kwanta a ƙasa, cikinsu fari yana sama.

Malam ya taɓa gilashin, ya ji da sanyi. Ya duba ɗan injin da ke hura iska cikin ruwan, yana aiki. Sai ya ga kumfar da injin ke tayarwa ba ta fashewa, tana taruwa a gefe. Ya ɗaga kai ya dubi bayan ƙofa.

Bai tambayi ko wane ne ba. Babu bukata. Bokitin yana rataye yana sheƙi, kuma duk ajin mutum ɗaya ce za ta iya sa bokiti ya yi haka. Kowa ya juyo ya kalli Pulane. Ta sunkuyar da kai.

"Ba yanzu ba," in ji Malam. "Tefo, ɗauko farin akwatin da aka kawo ƙwan a ciki, yana ƙarƙashin teburina. Shi kaɗai ne sabulu bai taɓa ba. Ku huɗu ku ruga idon ruwa."

Ranar ba a ƙara yin lissafi ba. Yara suna hawa suna sauka, suna zamewa a ƙanƙara. Malam yana kwashe kifin da ɗan raga yana sa su a sabon ruwa. Aka zubar da na akwatin gilashin, aka ɗauraye shi, aka sake ɗaurayewa, har hannuwan kowa suka yi ja. Pulane ta yi gudu fiye da kowa, ba wanda ya ce mata sannu.

Da rana ta yi tsaka, waɗanda za su rayu suka fara motsi sosai. Amma da yawa sun tafi. Malam ya jera matattun a kan takarda, ƙanana, ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba. Tefo ya tsaya a kansu yana kuka, bai ko ɓoye ba.

"Pulane, zo nan," in ji Malam.

Ta zo, kanta a ƙasa.

"Me na ce miki game da bokitin nan?"

"Ka ce ban da sabulu."

"To?"

"Ya yi datti ne, Malam. Kuma na ɗauraye shi sosai. Ko Kaka ta duba ta ce ya fita."

Malam ya sauko da bokitin, ya zuba ruwa kaɗan, ya girgiza. Kumfa ta taso. Ya miƙa mata.

"Ke kin ga ya fita. Kifi bai ga haka ba. Mu da hanci muke numfashi, shi a cikin ruwa yake shaƙar iskarsa, ta wata 'yar fata mai laushi a gefen kansa. Sabulun da ke ba za ki ko ji ɗanɗanonsa ba, shi ƙona masa wurin yake yi. Gansakukar da kika tsana ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba."

"Gyara na so yi, Malam."

"Na sani. Garin neman gira kika rasa ido. Da kin ce, 'Malam, don me?' da na gaya miki. Amma kin yanke cewa kin fi ni sani."

Pulane ta kalli kumfar da ke cikin bokitin. Kunya ta rufe ta, ga baƙin ciki. Malam ya ce ita za ta binne kifin, kuma ita za ta riƙa ɗebo ruwa da farin akwatin har ranar da za a sake su. Ta binne su a gindin itacen da ke bayan aji. Da ta dawo benci, Tefo ya matsa can ƙarshe.

"Tefo, ka yi haƙuri."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba."

"To wa zan ba? Sun mutu."

"Shi ke nan ai," ya ce, ya juya mata ƙeya.

Farin akwatin ba shi da mariƙi mai kyau. Kullum yana zubar mata da ruwa a cikin takalmin roba. Kullum tana isa aji safarta a jiƙe, ga babu murhu. Ta yi mita, don mita ba ta barinta, amma ba ta taɓa fashi ba. A hankali ta fara tsayawa gaban gilashin bayan ta zuba ruwan. Kifin da suka rage suka girma, ɗigo-ɗigo suka fito a jikinsu. In ta matso sai su taru, suna zaton abinci ne. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ta fara son su.

Sanyi ya fara sauƙi. Ƙanƙara ta narke, itatuwan ƙauyen suka yi fure. Malam ya ce ranar Asabar za a saki kifin a gurbin da ke ƙasan ƙauye, inda ruwan ke da zurfi da inuwa.

Pulane ta koma gida da labarin a bakinta. Ta tarar Kaka ta fito da barguna duka ta tara a tsakar ɗaki, ga sabon ƙunshin garin sabulu a kai.

"Gara da kika dawo," in ji Kaka. "Asabar wankin barguna. Mata duk mun shirya. Ke za ki taka mini manyan nan, ƙafafuna sun gaji."

Kowace shekara haka ake yi. In hunturu ya wuce, matan ƙauyen sukan kwashi barguna su tafi faffaɗan dutsen da ke bakin rafi. A jiƙa, a zuba sabulu, yara su hau su yi ta takawa, a ɗauraye a cikin rafin. Ranar ruwan yakan yi fari fat da kumfa har ya sha kwana. Pulane tana son ranar fiye da kowace rana. Ita ce gwanar taka bargo.

Yau kuwa ta tsaya tana kallon ƙunshin sabulun. Tafin hannu guda ta zuba a bokiti, ta kuma ɗauraye, amma sai da ya kashe kifi. Wannan ƙunshi ne guda, kuma kowane gida da nasa. Dutsen wankin kuwa yana sama da gurbin kaɗan.

"Kaka, ba za a yi wanki a rafi ba."

Kaka ta dube ta. "Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Kifinmu za a saka ranar. Sabulu kashe su yake yi."

"Kifi." Kaka ta ci gaba da ninke bargo. "Tun uwarki ba ta yi haƙori ba nake wanki a dutsen nan. Ruwa ai tafiya yake yi. Ya ɗauki kumfar ya wuce da ita."

"Ya wuce da ita ina, Kaka?"

"Ƙasa mana."

"To ai a ƙasan kifin za su zauna."

"Sai su matsa."

Pulane ta ji kamar ta yi ihu. Ta ba Kaka labarin bokitin tun daga farko, har da yadda Tefo ya yi kuka. Kaka ta saurara, ta girgiza kai.

"Wato bokitin da na yaba shi ne ya yi kisa? Duniya ta zo ƙarshe. Tsabta ta zama laifi. Ke dai je ki hura wuta, tuwo ba zai tuƙa kansa ba."

Washegari Pulane ta tari Malam tun kafin ya shiga aji. Ta gaya masa komai.

Malam ya dafe kai. "Na manta da wankin barguna sam. To, sai mu ɗaga ranar, mu bari ruwan ya wanke."

"In mun sake su daga baya fa, Malam? Mata suna wanki a wurin kowane mako. Ba barguna kaɗai ba."

Malam ya dube ta. "Gaskiyarki. Watakila shi ya sa kifin suka ƙare tun farko."

"To ka je ka gaya wa Kaka."

"Ni? Kakarki ta taɓa kora ta daga gonarta da sanda ina yaro. Har yau in na hango ta canza hanya nake yi."

"Malam, ai kai babba ne."

"Ba a gabanta ba." Ya yi murmushi. "Amma ga abin da na sani. Ba wankin ne matsala ba, inda ruwan sabulun ke zuwa ne. In aka yi wanki nesa da gaɓa, aka zuba ruwan a rami, ƙasa za ta shanye shi kafin ya kai rafi. Sai dai wani ya ɗebo musu ruwan."

Tefo yana tsaye kusa yana jin su. Tun ranar bokiti bai yi wa Pulane doguwar magana ba.

"Muna da jaki," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yana ɗaukar jarka biyu. In ya ga dama."

Da yamma Pulane ta jira Kaka ta ci ta ƙoshi, ta sha kunun dawarta mai tsami. Sannan ta matso.

"Kaka, ruwan rafin nan har yanzu da sanyi, ko?"

"Kamar ƙanƙara. Bara sai da gwiwoyina suka yi mako suna ciwo."

"In aka ce ki zauna a filin sama, cikin rana, a kawo miki ruwa har gabanki fa?"

Kaka ta kanne ido ɗaya. "Wa zai kawo?"

"Mu. 'Yan aji shida."

"Na gidan nan kaɗai, ko na mata duka?"

Pulane ta gyaɗa kai. "Na duka."

"Kin san ruwan da bargo ɗaya ke sha?"

"Na sani, Kaka."

"Ba ki sani ba, amma za ki sani." Kaka ta ajiye kwanon. "To. Zan gaya wa matan. Amma ki ji da kyau, ni ba don kifi na yarda ba. Don gwiwoyina ne."

Ranar Asabar tun da hantsi yara maza suka haƙa rami a gefen filin. Mata suka baje bahunansu a kan ciyawa, suka zauna suna hira. 'Yan aji shida kuwa suka kama zirga-zirga tsakanin rafi da fili.

Kaka ta yi gaskiya. Pulane ba ta san ruwan da bargo ke sha ba. Kana zubawa yana shanyewa. Ta kawo bokiti, kafin ta juya an ce a ƙaro. Jakin su Tefo ya yi sawu kaɗan, sannan ya tsaya a tsakiyar hanya ya ƙi gaba ya ƙi baya. Tefo yana ja, Pulane tana turawa, jakin yana cin ciyawarsa.

"Wannan jakin halinka gare shi," in ji Pulane.

"Ƙarya ne. Dubi yadda ya turo baki. Ɗan'uwanki ne."

Ta harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace mata. Shi ma ya yi.

Matan ba su raga musu ba. Wannan ta ce ruwan ya yi kaɗan, waccan ta ce an zubo mata da yashi. Wata ta ce tunda ga masu ɗebo ruwa, bari ta aika gida a kawo labule ma. Wuyan Pulane ya ƙage, rigarta ta jiƙe sharkaf. Sau da yawa ta buɗe baki za ta yi mita, sai ta kalli rafin. Yana gudu garau, ana ganin duwatsun ƙasansa, babu kumfa ko ɗaya. Sai ta rufe bakinta ta sake ɗaukar bokiti.

Da la'asar aka gama. Barguna suna shanye a kan duwatsu, ja da shuɗi da rawaya. Malam ya sauko daga makaranta da farin akwatin, yana tafiya a hankali. Yara suka kewaye shi. Matan ma suka taso, wai su ga kifin da aka wahalar da su dominsa.

Kaka Mamosa ta leƙa cikin akwatin. "Waɗannan ne? Ko miya ba za su yi ba."

Amma ba ta matsa ba. Ta sunkuya tana kallon yadda suke buɗe baki suna rufewa.

Ana cikin haka wata maƙwabciyarsu, Malineo, ta sauko da bahonta mai sauran kumfa. Ta nufi bakin ruwa za ta ɗauraye, kamar yadda ta saba. Pulane ta hango ta. Malineo babba ce, ba ta san yadda za ta hana ta ba.

"Ke Malineo," in ji Kaka, ba tare da ta miƙe ba. "Ina za ki da wannan?"

"Ɗaurayewa kawai zan yi, Mama."

"Ga rami can. Jikata ta wuni tana jigilar ruwa har wuyanta ya karkace, ke kuma ki zo ki ɓata a minti ɗaya? Koma."

Malineo ta koma tana gunaguni. Malam ya sunkuyar da kai don kada a ga yana dariya.

Aka ba kowane ɗalibi kofi, kifi biyu ko uku a ciki. Malam ya ce a tsoma kofin a hankali, a bar su su fita da kansu. Pulane ta durƙusa a bakin gurbin. Ta tsoma nata a ruwa a hankali. Ta karkata kofin. Kifin suka tsaya cak, kamar ba su yarda ba. Sannan ɗaya ya fita, sauran suka bi shi.

Ba su yi ƙasa ba. Suka juya kansu sama, suna ninkaya a kan ruwan da ke gangarowa, har suka kai faffaɗan dutsen wanki. A ƙarƙashinsa suka shige, cikin inuwa.

"Kin ga gidan da suka zaɓa?" in ji Tefo.

Pulane ta gani. Da an yi wanki a kan dutsen nan yau, da babu ɗayansu da zai kwana. Hawaye suka cika mata ido, ta goge da gefen riga.

"To, yanzu an shiga uku," in ji Kaka. "Sun tare a wurin wankina. Sati mai zuwa kuma wa zai ɗebo ruwa?"

"Za mu riƙa yi bi da bi, Mama," in ji Malam, daga ɗan nesa. "Ajin duka."

"Ka zo kusa ka faɗa, ba na cizo."

Mata suka kwashe da dariya. Malam ya matso ya maimaita, aka shaida.

A hanyar komawa Malam ya tambayi Pulane abin da ta koya.

Ta yi tunani kaɗan. "In aka hana ni abu ban gane dalili ba, in tambaya, kada in ce na fi kowa sani. Kuma duk abin da muka zuba a ruwa ba ɓacewa yake yi ba, Malam. Wurin wani yake zuwa."

"Shi ke nan darasin," in ji Malam. "Ranar Litinin ki faɗa wa 'yan aji biyar. Daga nan ki karɓo mana murhunmu."